Notin birki da awo ake ɗaure shi, ba da ƙarfin damtse ba

Ɗana, jiya da na sa ka kwance notunan da ka ɗaure na kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a kan faifai, ka sake ɗaure su da sufanar awo, wadda ke yin ƙara in ɗauri ya kai lambar da aka saita mata, na ga ranka bai so ba, amma ka yi shiru har muka tashi. Sai da za ka tafi ka ce, "Oga, ni a ganina birki shi ne ran mota. In noti ya ɗauru tam har sai an sa fayif kafin ya kwance, ai ya fi aminci a kan wanda aka tsaya da shi don sufana ta yi ƙara. Mene ne laifin in ƙara masa ƙarfi?" Na ji daɗin tambayar nan, matambayi ba ya ɓata. Kuma niyyarka mai kyau ce, tsoron kada noti ya kwance a hanya ne ya sa ka haɗa da fayif. Sai dai abin da kake gudu, shi kake jawowa da hannunka.

Fara da sanin abin da ke faruwa a cikin notin lokacin da kake murɗa shi. Kai kana ganin ƙarfe ne sandararre, alhali kuwa yana miƙewa. Da zarar kansa ya zauna a kan ƙarfen da zai riƙe, duk juyin da ka ƙara jan jikinsa kake yi, yana ƙara tsawo kaɗan, abin da bai wuce kaurin gashin kai ba. Shi kuma yana neman komawa yadda yake, kamar sifirin ɗin da aka ja. Wannan neman komawar shi ne ke matse kalifa da mazauninta, shi ne kuma ke hana notin juyawa baya in mota tana jijjiga. To amma kowane sifirin yana da iyaka. In ka ja shi ya wuce iyakarsa, ba zai koma ba, ya saki ke nan. Haka noti yake. Akwai lokacin da kana ɗauri za ka ji sufana ta yi tauri, ta yi tauri, sai kuma ka ji ta ɗan yi laushi a hannunka tana tafiya. Yara da yawa suna ɗauka zama ne notin yake yi. Ba zama ba ne, wuyansa ne ya fara sirancewa, ko kuma tiredin ramin, wato zanen da noti ke bi yana shiga, ya fara cinyewa. Daga nan ƙarfin riƙonsa ya ragu, komai wuyar da zai ba ka wajen kwancewa.

Na taɓa ganin wannan a aikin hannuna, ina da ƙuruciya kamar kai. Na canza wa wata mota fad ɗin birki na gaba, na ɗaure notin fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai da doguwar sufana, na ji laushin nan na ƙyale. Bayan kwanaki mai motar ya dawo yana cewa in ya taka birki yana jin ƙwas a tayar gaba. Muka cire taya, sai ga notin ƙasa babu kai, guntunsa na cikin fil, kalifa tana lilo a kan noti ɗaya, ta ɗaga ta goge cikin rim har ta bar farin layi zagaye. Maigidana ya ciro guntun ya ɗora min a tafin hannu. Wurin da ya karye ya tsuke kamar an matse shi da yatsa. Ya ce in duba da kyau, noti mai rauni ba ya yin wuya haka, wanda aka ja ne. Mutumin nan da iyalinsa yake yawo a motar. Tun ranar ban ƙara ɗaure komai a birki da kintace ba.

Rashin ɗauri ma nasa haɗarin daban. Buraket ɗin da ke riƙe kalifa shi ke ɗaukar dukan ƙarfin tsayar da taya. In notunansa ba su matse sosai ba, duk taka birki sai buraket ya ɗan motsa gaba, in an yi baya ya motsa baya, notin yana lanƙwasa yana miƙewa sau dubbai har ya gaji ya tsage, ko ya warware ya fita. Saboda haka akwai ƙasa, akwai sama, kuma tsakaninsu ba faɗi ne da shi ba. Lambar da kamfanin mota ya rubuta a littafin gyara tana cikin wannan tsakanin.

Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin murɗa, wanda makanikai ke kira tok. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙarfin da ka sa, sau tsawon sufanar. In ka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sufana mai tsawon santimita 30, ka ba noti kusan Nm 30, Nm ɗin shi ne ma'aunin tok, wato newton-mita. Wannan kilo 10 ɗin a ƙarshen fayif mai mita ɗaya ya zama kusan Nm 98. Kai kuwa jiya da ka dafe da ƙafa kana ja, ai ka haura kilo 30, ka ga ka doshi Nm 300 a kan notin da bai nemi ko rabin haka ba. Shi ya sa hannu ke yaudara. Ƙarfin da ka ji a damtsenka ɗaya ne, abin da ya isa ga notin kuwa tsawon ƙarfen da ke hannunka ne ya yanke shi.

Kuma notunan birki ba kansu ɗaya ba. Ɗauki birkin gaba na Toyota Corolla da muka saba taɓawa. Manyan notuna biyu na buraket Nm 107 suke so. Na fil ɗin kalifa Nm 34. Notin da ke haɗa tiyon man birki da kalifa, mai rami a cikinsa, wajen Nm 30. Ɗan notin fitar da iska kuwa bai wuce Nm 8 da ɗoriya ba. Notunan taya Nm 103. Duk a tafin hannu ɗaya suke, amma babba ya ninka ƙarami fiye da sau goma. Kada ka haddace waɗannan ka ɗora wa kowace mota. Na kawo su ne don ka ga tazarar. Kowace mota a duba nata, da shekararta, gaba daban baya daban.

In kana duba littafi ka lura da ma'aunin da aka yi rubutun da shi, nan mutane ke faɗawa rami. Wasu littattafan, musamman na Amurka, da wani ma'aunin tok da ake kira ft-lb suke rubutu, kuma ft-lb ɗaya daidai yake da Nm 1.36. Notin buraket ɗin nan mai Nm 107 za ka gan shi an rubuta 79. In ka saita 79 a gefen Nm na sufana, ka rage masa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya fi wannan muni shi ne in-lb, da ake rubuta wa ƙananan notuna. Guda 12 nasa ne ke yin ft-lb ɗaya. Ka ga 73 a gaban notin fitar da iska, ka ɗauka ft-lb ne, ka ninka masa ƙarfi sau 12, kansa zai biyo sufana tun ba ka kai ko'ina ba. Ciro guntun da ya karye a cikin kalifa aikin yini ne, wani lokacin ma kalifar gaba ɗaya ake sakewa.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa, don ko masu sufanar awo ba duka suka san shi ba. Sufanar ba ta san yadda noti ya miƙe ba, wahalar juyawa kawai take aunawa. Kuma mafi yawan wannan wahalar gogayya ce. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka sa yana ƙarewa ne a gugar ƙarƙashin kan noti da gugar tiredi, kusan kashi 10 ne kawai ke zama matsi. Ka ga in tiredi ya yi tsatsa ko ƙasa ta cika shi, sufana za ta yi ƙararta a kan lamba daidai alhali notin bai matse komai ba, tsatsar ce ta cinye ƙarfin. In kuma ka lafta masa giris ko baƙin mai, gogayya ta faɗi, lamba ɗaya za ta ja shi fiye da yadda aka tsara, har ta iya kai shi ga sakin nan da na faɗa maka. Yawancin lambobin littafi na busasshen tiredi ne mai tsafta, sai in an rubuta a shafa wani abu. Shi ya sa nake sa ka goge noti da buroshin waya, ka hure ramin, ka goge fuskar da buraket zai zauna, sannan ka fara shigar da notin da yatsu. In bai shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu ba, tsaya ka duba, kada ka sa sufana ta tura shi. Kalifa da yawa yanzu na alminiyam ne, tiredinsu ba ya yafe kuskure.

Giris ɗin da kake shafa wa fil yana jikin fil ne inda yake zamewa, kuma na silikon ne ko wanda aka yi don birki, don giris na man fetur yana kumbura robar da ke rufe fil ɗin. Kada ya taɓa tiredi, kada ya taɓa fuskar fad ko faifai.

Wasu notunan ba a maimaita su. Motocin Turai da dama littafinsu zai ce ka kai noti lamba kaza, sannan ka ƙara juyi digiri 90. Irin wannan da gangan ake kai shi bakin iyakarsa, in an kwance shi ya gama aiki, sabo ake sawa. Wasu kuma suna zuwa da busasshen gam a tiredi, in ka kwance ko ka sa sabo ko ka goge tsohon gam ɗin ka ɗiga sabo, in littafi ya yarda. Shuɗin gam shi ne wanda sufana ke iya kwancewa, ja kuwa sai an gasa shi da wuta, kada ka kai shi inda ba a ce ba. In noti ya ɓace, kada ka zari kowanne a cikin gwangwani don kawai tiredi ya yi daidai. Dubi lambar da ke kansa. Mai 8.8 da mai 10.9 kamarsu ɗaya a ido, amma na biyun ya fi ƙarfi nesa, kuma lambar littafi da shi aka yi lissafinta in shi kamfani ya sa.

Notin tiyo kuma ina so ka ji tausayinsa. Cikinsa rami ne, ga wani ramin a gefe don mai ya wuce, naman ƙarfensa kaɗan ne. Abin da ke tare mai washa biyu ne na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna lotsewa su cike giɓi. Sau ɗaya suke lotsewa da kyau. In ka mayar da tsofaffi ka ga yana tsatsafo, sai zuciya ta ce ƙara ɗauri, nan ne yake tsinkewa. Sababbin washa za ka sa, ka tsaya a lambarsa.

Ita kanta sufanar awo tana da ladabin riƙo. Ka saita lamba ka kulle. Ka riƙe ta a tsakiyar mariƙi, ka ja a hankali ba fizga ba, soket yana zaune daram a kan noti. Da ta ce ƙas, tsaya. Ƙara ɗaya ta isa, in ka yi ta maimaitawa kana ƙara wa notin juyi ne. In noti ya riga ya wuce lamba, kamar naka na jiya, ɗora sufana a kai ta yi ƙara bai nuna komai ba, dole a sassauta a sake hawa daga ƙasa, dalilin da ya sa na ce ka kwance ke nan. Ba a kwance noti da ita, ba a sa mata fayif, ba a jefar da ita a ƙasa. In an gama aiki a mayar da ita kan lambarta mafi ƙanƙanta don sifirin ɗin ciki ya huta. Ba ta da gaskiya sosai a can ƙasan ma'auninta, shi ya sa babbar da muke ɗaure taya da ita ba ta dace da notin fitar da iska ba, ƙaramar za ka ɗauko. Kuma ana kai ta a gwada ta kamar sau ɗaya a shekara, don ita ma tana kaucewa.

Notunan taya ka lissafa su cikin aikin birki, domin a motoci da yawa su ne ke matse faifan birki a kan mazauninsa. In ka ɗaure ɗaya har ƙarshe da bindigar iska sauran suna sake, ko ka bar tsatsa a bayan faifai, zai zauna a karkace. Karkatar da ido ba ya gani, wadda ta wuce kamar milimita 0.05, ta isa ta sa fad ya riƙa shafar gefe ɗaya a kowane juyi. Bayan wata biyu ko uku mai mota ya dawo yana cewa feda tana harbin ƙafarsa, sitiyari yana rawa in ya taka birki, a ce faifan ne ba shi da kyau. Ka ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, zagaye na farko da sauƙi, na biyu a kan cikakkiyar lamba bayan taya ta taɓa ƙasa.

Duk notin da ka gama da shi ka ɗiga masa fenti ko alli a ka, don in an kira ka tsakiyar aiki ka dawo ka san inda ka tsaya. Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, ka shiga ka yi ta taka feda har ta yi tauri, tunda ka tura fistin baya lokacin sa fad, takun farko fanko ne. Ka riƙe ta a take kamar rabin minti ka ji ko tana nutsewa, ka leƙa tiyo da notin iska ko akwai danshi, ka duba man da ke cikin kofi.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, ka ɗauko tsofaffin notunan da muka cire jiya da sabo guda ɗaya, ka jera su a kan benci ka haɗa tiredinsu ka ɗaga wa haske, za ka ga ko sun miƙe. Sannan mu kama ɗaya a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan benci, ka ɗaure shi da hannu yadda kake jin ya kai Nm 34, ni kuma in auna mu ga inda hannunka ya tsaya.