Tacewa, shiƙa ko cigiya? Amsa ga mai aikin na'urorin sadarwa

Wani mai karatu daga Birnin Kebbi, da ke kula da na'urorin suwic masu haɗa kwamfutocin ma'aikatarsu, ya aiko da tambaya. Ya ce idan ya umarci suwic ɗin kamfanin Cisco ta nuna masa bayani, sai ta zubo layuka ɗaruruwa, don haka yakan ƙara include ko exclude domin ya rage su. Yana so ya san kalmar da ta dace ya koyar da yaran aikinsa da ita, da sunan da za a ba regex, wato tsarin alamomin da ake neman rubutu da su, a Hausa.

Malam, na ji daɗin tambayar nan, domin ta shigo ɗakin da Hausa ta fi wadata. Mu da muke ƙasar shinkafa muna da kalmomi da yawa na raba mai kyau da marar kyau. Ana tace kamu, a riƙe abin da ya wuce, a zubar da dusa. Ana tankaɗe gari da rariya, tsaki ya rage a sama. Shiƙa kuwa, kamar yadda ake yi a masussukan Argungu da Suru, iska ce ke kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Saboda haka "tacewa" ta wadatar a matsayin sunan aikin gaba ɗaya. Amma idan ka rubuta show ip interface brief | exclude unassigned, shiƙa ka yi, ka kore abin da ba ka so. Include kuwa tsinta ce. Shi begin, abokin include da exclude, ba ya tace komai, wurin farawa kawai yake nunawa.

Regex ne ya fi ɗaukar hankalina. Masanin lissafi Stephen Kleene ne ya assasa tunanin a shekarun 1950, shi ya sa ake danganta alamar tauraro (*) da sunansa, daga baya Ken Thompson ya shigar da shi cikin manhajar gyara rubutu. Ni dai sunan da nake ba shi shi ne "kwatancen cigiya". Mai cigiyar akuya a kasuwar Jega ba ya kiran sunanta, siffarta yake faɗa: ja ce, mai farin goshi, da yanka a kunne. Haka kake yi wa na'ura. Alamar ^ na nufin farkon layi, $ ƙarshensa, ɗigo yana tsayawa a madadin kowane harafi guda, tauraro kuma yana cewa abin da ya gabace shi na iya maimaituwa ko ya ɓace ɗungurungum.

A nan ne karin maganar nan ta "kama da wane ba wane ba ne" ta zauna daram. Asalin ma'anarta ita ce kamanni ba ya zama shaida, kada ka yanke hukunci don fuska ta yi kama. Gwada a suwic mai ƙofa 48, wato wuraren soka waya, masu suna Gi1/0/1 zuwa Gi1/0/48: rubuta show interfaces status | include Gi1/0/1, za ka ga layi 11, domin Gi1/0/10 har zuwa Gi1/0/19 duk sun amsa cigiyarka. Kwatancen ne bai cika ba. Ƙara alamar _ a ƙarshe, wadda Cisco ke ɗauka a matsayin fili ko iyakar layi, sai akuyarka ta fito ita kaɗai. Ina roƙonka ka sa yaran su ga wannan da idonsu, domin wanda ya rufe ƙofa ta 10 da zaton ta 1 ce ya yanke wa wani ofis intanet.

Ka kuma gaya musu na'urar tana bambanta babban harafi da ƙarami. Wanda ya yi cigiyar Vlan ba za a miƙo masa vlan ba.