A bar ta ta yi wa na'urar jinta ado?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 9 tana sa na'urar ƙarin ji tun da sanƙarau ya taɓa mata kunne. Kwanan nan na gano cewa idan ta je makaranta sai ta cire ta ɓoye a jaka, amma ta ce in aka bar ta ta manna mata duwatsu masu sheƙi za ta riƙa sawa. Mahaifinta kuwa yana ganin adon zai ƙara jawo mata idon mutane. Wace shawara za ku ba mu?
Wata uwa, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Shawarata ita ce ku bar ta. Na fahimci damuwar maigida, sai dai yarinyar da ta nemi ƙawata na'urarta ta fara ɗaukar ta a matsayin kayanta, kamar ɗan kunne ko awarwaro, kuma duk ranar da na'urar ta wuni a jaka, karatun ranar ya wuce ta. Kamfanoni irin su Phonak sun daɗe suna ƙera na'urorin yara kala-kala, kuma a 2022 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da 'yar tsana Barbie sanye da na'ura ruwan hoda a bayan kunnenta.

Inda ake buƙatar kula shi ne wurin mannawa. A saman na'urar akwai ƙananan ramuka da sauti ke shiga, kuma idan dutse ko sitika ta toshe ɗaya daga cikinsu, jin zai ragu ba tare da yarinyar ta san dalili ba. Haka nan kada a rufe maɓallai ko murfin batir, domin irin batirin da ake canzawa sai da iska yake aiki. A guji gam mai ƙarfi da jan farce, saboda suna cin robar jikinta. Sitikar da ake ɓarewa cikin sauƙi ta wadatar.

Robar da ke zama cikin kunne kuwa dole a sake auna mata sabuwa yayin da take girma. In lokacin ya yi, ki tambayi ma'aikacin ji ko suna yin ta da launi, sannan ki bar ta ta zaɓa da kanta.