Sushi iri nawa ne, kuma dole sai da ɗanyen kifi?

Mai tambaya yana son sanin ire-iren sushi, wani abincin Japan, da ko ba ya yiwuwa sai da ɗanyen kifi. Yana yiwuwa ba tare da ɗanyen kifi ba. Jigon sushi shinkafa ce, mai gajeren ƙwaya da danƙo. Ga kofi 2 na ɗanyarta, a dama ruwan khal na shinkafa babban cokali 4, sukari babban cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali 1, a zuba bayan ta dahu tana da zafi. A gauraya a hankali ana fifita. In aka tuƙa ta za ta zama tuwo. Doguwar shinkafarmu ba ta kamuwa, wargajewa take. Kada a sa shinkafar sushi a firji, taurarewa take yi.

Nigiri dunƙulen shinkafa ne da yankan kifi a kai. Maki kuwa ana naɗe shinkafa da kifi ko kokwamba cikin nori, busasshiyar ciyawar teku, da 'yar tabarmar gora, a yanka shi gida 6 ko 8 da jiƙaƙƙiyar wuƙa. In an cika shi da yawa sai ya fashe. Akwai temaki mai siffar mazurari, sai inari, soyayyar awara da ake cusa wa shinkafa.

Ɗanyen kifin teku sai ya yi kwana 7 a daskare a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius don kashe tsutsotsi. Tarwaɗa da ƙarfasa kam sai an dafa. In za a sayi sushi, a kuma tambaya ko an sa mirin, wani ruwan girki mai zaƙi na shinkafa, domin akwai barasa a cikinsa.