Me ya hana Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta 1920 tsayar da yaƙi?

Malam, ka tambayi dalilin gazawarta. Da farko, ba ta da sojoji nata, kuma kusan kowace babbar shawara sai duk mambobi sun amince. Amurka ma ba ta taɓa shiga ba.

Dubi Habasha. Italiya ta mamaye ta a Oktoban 1935. Majalisar ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, amma ba a haɗa da man fetur ba, wanda shi ne jinin tankoki da jiragen Musolini, shugaban gwamnatin Italiya. Ingila da Faransa suna lallaɓa shi don tsoron ya koma wa Hitila na Jamus, mashigin Suwez kuwa a buɗe, jiragen ruwan Italiya na ta kai sojoji. Sarkin Habasha, Haile Selassie, ya kai kuka Janiba, hedikwatar Majalisar, a Yunin 1936. Abin takaici, a Yuli aka ɗage takunkumin.