Hoton talabijin ya koma kore: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Talabijin ɗina mai inci 43 ce, ina kallo da dikoda ta wayar HDMI. Kwanan nan hoton ya rikiɗe ya koma kore-kore, har fuskokin mutane da fararen kaya. Sauti kuwa lafiya lau. Na yi wa wani mai gyara bayani ta waya, ya ce gilashin ne ya mutu, sai an canja. Shin haka ne? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗauki talabijin ɗin nan zuwa ko'ina tukuna. Ba wanda zai iya yanke hukuncin cewa gilashi ya mutu alhali bai ga hoton da idonsa ba, kuma gilashi shi ne abu mafi tsada a jikin talabijin. Akwai gwaji na minti ɗaya da za ka yi kana zaune a falonka.

Ɗauki rimot na talabijin, ba na dikoda ba, ka danna Menu ko Settings. Ka dubi rubutun da akwatunan da suka fito a kan hoton. Farin rubutun fari ne tas, ko shi ma ya yi kore? Wannan menu talabijin ce da kanta take zana shi, ba ya bi ta waya, ba ya bi ta dikoda. Idan ya fito da launinsa daidai alhali hoton da ke bayansa kore ne, to gilashinka lafiyarsa ƙalau, domin gilashin da ya lalace ba ya zaɓen abin da zai ɓata. Wasu Samsung da LG ma sun ajiye hoton gwaji a ƙarƙashin Support, mai suna Picture Test. Wanda talabijin ɗinsa ba ta da shi, sai ya sa hoto a filas ya soka, ko ya buɗe YouTube idan mai intanet ce.

Ga dalilin da ya sa kore ne ke yawan bayyana. Kowane ɗigo na hoton talabijin haɗin launi uku ne: ja, kore da shuɗi. Idan ukun suka haɗu daidai wa daida sai ka ga fari. Idan ja ya yi rauni, fatar mutum ce ke fara nunawa, sai ta koma kore mai ratsin rawaya. Sannan yawancin bidiyo ba a aika shi da launuka ukun kai tsaye. Ana aika haske daban, bayanin launi daban, a tsarin da ake kira YCbCr. A wannan tsari, idan lambobin duka suka zama sifili, abin da lissafin ke bayarwa kore ne. Shi ya sa idan saƙo ya katse tsakanin dikoda da talabijin, sau da yawa sai ka ga fuskar talabijin ta cika da kore shar.

To idan menu ya fito lafiya, sai ka koma bayan talabijin. Kashe ta da dikodar, ka zare su daga soket gaba ɗaya, ka ba su minti biyu. Kashewa da rimot kawai ba ta isa ba, domin na'urar tana nan a farke. Duk lokacin da aka kunna su, dikoda da talabijin sai sun yi wata 'yar yarjejeniya a kan irin hoton da za a aika. Idan aka ɗauke wuta aka maido a guje, ko aka juya daga layin gari zuwa janareta, wani lokaci ba sa daidaitawa: ɗaya tana aika RGB, wato ja, kore da shuɗi kai tsaye, ɗayar tana karanta shi a matsayin YCbCr. Sakamakon shi ne hoto kore ko ruwan hoda. Zarewa da sake kunnawa kan warware wannan. Fara kunna talabijin, sannan dikoda.

Idan bai gyaru ba, zare wayar HDMI ka haska bakinta da fitilar wayarka. Akwai 'yan siraran haƙora 19 a ciki, kuma ƙurar hunturu tana son maƙalewa a nan. Busa ta, ka mayar ka tura har ƙarshe. Gwada wata kafar HDMI, tunda yawancin talabijin suna da biyu ko uku. Sannan ka ari wayar HDMI a wurin maƙwabci ka gwada kafin ka sayi sabuwa. Na fi zargin waya a irin matsalarka, musamman idan talabijin a bango take, wayar ta lanƙwashe sosai a bayanta tana ɗauke da nauyin kanta. Idan dikodar tana da wurin zaɓen tsarin launi a saitin hotonta, mayar da shi Auto, ko ka sauya tsakanin RGB da YCbCr ka ga wanda ya zauna.

Saura saitin talabijin ɗin kanta, wanda yara kan taɓa ba tare da kowa ya sani ba. A ƙarƙashin Picture akwai Tint, wasu na kiransa Hue. Ma'auni ne tsakanin kore da ja, kuma wurin zamansa tsakiya. A Samsung da yawa za ka gan shi G50 da R50. Wasu Samsung ɗin kuma suna da RGB Only Mode a cikin Expert Settings, wanda ke nuna launi ɗaya tak, don haka ka tabbatar yana kan Off. Idan ba ka son bin su ɗaya bayan ɗaya, danna Reset Picture. Wannan saitin hoto kawai yake mayarwa, ba ya goge tashoshinka ko manhajojinka. Ka lura cewa talabijin da yawa suna ajiye saitin kowace kafa daban, saboda haka ka yi shi kana kan kafar da dikodar take.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yi sharar ɗaki muka matsar da kayan kallo. Da yarana suka mayar da wayoyin na'urar faifai, sai hoton ya zama kore, kuma sifika ɗaya tana wani gurnani. Wayoyin biyar ne masu launi-launi. (Daga wata mai karatu a Gusau)

Amsa: Hajiya, barka kadai. Kwantar da hankalinki, da alama babu abin da ya lalace. A cikin wayoyin nan biyar, biyu jajaye ne, kuma nan ne ake ruɗewa. Uku na hoto ne: kore, shuɗi da ja. Biyu na sauti ne: fari da ja. Yaran sun musanya jajayen. Sun sa jan sauti a ramin jan hoto, shi ya sa ja ya ɓace daga fuskokin mutane. Jan hoto kuma ya shiga ramin sauti, shi ne gurnanin da kike ji.

Ki duba jikin wayar. Galibi uku na hoto a manne suke da juna, biyu na sauti su ma a manne. Jan da ke tare da kore da shuɗi zai shiga ramin da aka rubuta Pr ko Cr a gefensa. Jan da ke tare da fari zai shiga inda aka rubuta R a sashen Audio. Ki duba ɓangarorin biyu, bayan na'urar da bayan talabijin, domin ana iya daidaita ɗaya a ɓata ɗayan. Idan kuwa an jera su daidai amma koren na nan, a murza kan jar wayar a raminta, wataƙila tsatsa ce ko ba ta shiga sosai ba.

Tambaya: Ni matsalata a wasu finafinai ne kaɗai da nake saukowa na sa a filas. Sai su fito kore da shunayya, sauran kuwa lafiya. (Daga wani ɗalibi a Kano)

Amsa: Talabijin ɗinka ba ta da laifi. Duba sunan fayil ɗin, mai yiwuwa za ka ga DV ko Dolby Vision a ciki, wato wani tsarin hoton bidiyo. Wani nau'in Dolby Vision yana adana launi ta hanyar da sai na'urar da ta san shi ce za ta iya fassarawa, wadda ba ta san shi ba sai ta nuna kore da shunayya. Talabijin ɗin Samsung, alal misali, ba sa karanta Dolby Vision, HDR10 da HDR10+ suke amfani da su. Babu saitin da zai gyara wannan. Ka nemi bidiyon a tsari na yau da kullum, wanda ake rubuta wa SDR.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tamu tsohuwar talabijin ce mai tudu a baya, ta mahaifina. Duk fuskar ta yi kore da haske mai yawa, da wasu siraran layuka a karkace. Wani lokaci idan aka ɗan buge ta a gefe sai ta dawo daidai. Zan iya buɗewa na duba? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma don Allah kada ka buɗe ta. Kwalbar da ke nuna hoto a irin wannan talabijin tana aiki da wuta mai ƙarfin da ya kai wajen bolt 25,000, kuma tana iya riƙe caji bayan an zare ta daga soket. Wannan aikin wanda ya san yadda ake sauke cajin ne. Ku kuma daina bugun ta, domin kowane bugu yana ƙara buɗe tsagar da ke ciki.

Bugun da ke dawo da hoton shi ne ma labari mai daɗi. A ƙarshen wuyan kwalbar akwai wani ƙaramin falle na lantarki mai kula da bindigogi uku da ke harba ja, kore da shuɗi. Wurin yana zafi sosai, kuma bayan shekaru dalmar da ta riƙe ƙafafun kayan takan tsage. Idan tsagar ta shafi layin kore, ko taransistan kore ya ƙone, sai bindigar kore ta buɗe gaba ɗaya, ka ga haske mai yawa da waɗannan layuka. Mai gyara na ƙwarai zai sake narka dalmar ko ya canja taransistan, aikin da ba ya cin kuɗi sosai. Idan kuwa wayoyi ne suka haɗe a cikin kwalbar kanta, gyaran ya fi wuya, kuma gara ya faɗa muku gaskiya tun da wuri.

Ga masu irin wannan talabijin da koren ya tsaya musu a kusurwa ɗaya kawai: ku duba ko akwai sifika ko rediyo a kusa. Maganaɗisun da ke cikinsu yana karkatar da launi. A janye su, a kashe talabijin daga soket na rabin awa, sannan a kunna. Akwai wata naɗaɗɗiyar waya kewaye da gilashin da ke wanke wannan tabo a duk lokacin da aka kunna ta a sanyaye, ita ce ke yin ɗan rugugin da kuke ji da farko.

Tambaya: Malam, tawa siririyar talabijin ce ta zamani, irin wadda ake ce wa filasma. Tun ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi hoton ya yi kore. Na canja waya, na mayar da saiti, amma har menu da tambarin kamfani da ke fitowa in an kunna duk kore ne. (Daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Kaduna)

Amsa: To Alhaji, wannan kam a ciki take, sai mai gyara. Amma har yanzu ba lallai gilashi ba ne, kuma ina so ka je da saninka. Hoto yana tashi daga babban fallen da kafofin HDMI ke jiki, ya bi ta wata waya zuwa ƙaramin falle mai suna T-con, daga nan ya bi ta wasu faffaɗan wayoyi masu kama da kintinkiri zuwa gilashi. Kowanne cikin waɗannan yana iya jawo kore. Wani lokaci wayar ce kawai ta saki ko ta yi datti, a cire a goge a mayar. Wani lokaci T-con ne, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na gilashi ba. A wasu talabijin an haɗe T-con ɗin da babban falle ko da gilashin, don haka ka ba shi lambar samfurin da ke rubuce a bayan talabijin ya bincika.

Yanayin koren ma yana ba da haske. Idan ya rufe fuskar baki ɗaya daidai wa daida, na fi karkata ga falle ko waya. Idan layi ne a tsaye daga sama har ƙasa da ba ya motsi, ko rabin fuska kaɗai, to ana ƙara kusantar gilashi. Idan launin shuɗi ne ko shunayya maimakon kore, wannan galibi fitilun bayan gilashi ne suka tsufa, kuma ana canja su. Masu OLED kuwa, wato talabijin ɗin da ɗigoginta ke ba da haske da kansu, wani tabo kore a tsakiya da ke fitowa a kan fuskoki da launin rawaya alama ce ta ɗigogin ja sun gaji, kuma ba shi da magani sai sabon gilashi.

Idan garantinka bai ƙare ba, kada ka bari kowa ya kwance ko da ƙusa ɗaya, ka kai ta wurin da ka saya tare da rasit. Idan ya ƙare, ka ɗauki hoton fuskar da wayarka, ka roƙi mai gyaran ya fara da wayoyin ciki da T-con a gabanka, kuma ya ba ka duk abin da ya cire. Tunda sana'arka ce kuma talabijin ɗin na kwana a kunne, ka saya mata na'urar kariya mai yanke wuta idan ta wuce kima, wadda ke jinkirta 'yan mintuna kafin ta sake saki. Ka riƙa zare ta kafin a juya zuwa janareta, idan hadari ya taso da walƙiya kuma ka zare har da wayar tauraron da ke shiga dikoda.