Gada ɗaya ce mafitarmu: yaushe za mu bar tsibiri?

Tambaya: Muna zaune a wani birni da ke kan tsibiri, ni da maigidana da yara uku da mahaifiyarsa mai ciwon suga. Gada ɗaya ce mafitarmu, sai jirgin fito. Yaya za mu shirya wa guguwa ko ambaliya?

Amsa: Malama, abin da ke rutsawa da mutanen tsibiri shi ne hanya kan rufe tun kafin masifar ta iso. Da teku ta fara tumbatsa jirgin fito zai tsaya, gada kuma a wurare da dama ana rufe ta idan iska ta kai wajen kilomita 65 a awa. Saboda haka da an ce a tashi, ku tashi. Tunda akwai dattijuwa a gidan, ku riga sanarwar ma. Kada man mota ya gaza rabin tanki, domin famfon gidan mai ba ya aiki in an ɗauke wuta.

Igiyar tsunami kuwa, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar, hukuncinta daban ne. In ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko teku ta janye ba zato, kada ku nufi gada, cunkoso zai riƙe ku. Ku taka da ƙafa zuwa tudu mai tsayin mita 30, ko hawa na uku na benen kankare zuwa sama. A 2004 mutane da yawa a gaɓar Tailan sun tsaya kallon tekun da ta janye, ruwan ya dawo ya same su. Kada ku sauko bayan igiyar farko, ta baya na iya fin ta girma.

Ruwan sha lita 4 ga kowa a rana: ku shida, kwana uku, lita 72 ke nan. Wannan mafi ƙaranci ne, don agaji kan yi jinkirin isa tsibiri. Bayan guguwar Maria a 2017 wasu yankunan tsibirin Puerto Rico sun kusa shekara ba lantarki. Ku tanadi maganin dattijuwa na sati biyu. In allurar insulin ce, a sa ta cikin kula mai sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙara, daskarewa na lalata ta. Takardu a ɗaure a leda, ga rediyo mai batir, tocila da tsabar kuɗi.

Ku zaɓi ɗan'uwa ɗaya a wajen tsibirin da kowa zai tura wa saƙon tes, yakan wuce ko kira ya ƙi shiga. Yara su haddace lambarsa.

Kada kuma a ratsa ruwa mai gudu: santimita 15 na kayar da babba, 30 na jan mota.