Tambaya da Amsa: Me 'Yan Kwana-Kwana Ke Dubawa Idan Sun Zo Bincike?

Tunda hunturu ya kama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kusan duk a kan gobara suke, musamman daga 'yan kasuwa da masu makarantu da aka kai wa takardar bincike. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da ɗan sito a bayansa. An raba mana takarda cewa jami'an kashe gobara za su zagayo duba shaguna. Na sayi tukunyar kashe gobara biyu na rataye. Shi ke nan na cika sharaɗi? — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi abin kirki, amma tukunya ita ce ta ƙarshe a abin da jami'in da ya san aikinsa zai duba. Abu uku ne a ransa idan ya shigo: me zai iya tayar da wuta a nan, me za ta ci idan ta tashi, kuma ta ina mutane za su fita.

Daga akwatin wutar lantarki zai fara. Zai buɗe ya ga ko bireka ce a ciki, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan lodi ya yi yawa, ko kuwa fis ya taɓa ƙonewa aka ɗaura silin waya a madadinsa. Wannan ɗaurin ya ci shaguna da yawa, domin aikin fis shi ne ya tsinke idan lodi ya yi yawa, shi kuwa silin waya mai kauri ba ya tsinkewa, sai dai wayar cikin bango ta ɗauki zafi har robarta ta narke. Zai dubi kaurin waya: ta fitilu murabba'in milimita 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki ko babbar hita 4 zuwa sama. Zai kuma kankare bakin wayar, saboda akwai ta bogi a kasuwa wadda alminiyom ce aka shafe da ruwan jan ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar lodin da aka rubuta a jikinta.

Sai soket. Soket ɗaya mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ne ko kusa da haka. Idan yaron shago ya jona hitar dafa ruwan shayi da dutsen guga da fanka a doguwar waya guda mai arha, ya kai iyakar ko ya wuce. Alamar ba ta ɓuya: bakin soket ya yi launin toka ko baƙi, roba ta ɗan lanƙwashe, ana jin ƙauri-ƙauri. Haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda shi ma laifi ne, don duk haɗin da bai ɗauru tamau ba zafi yake yi. Idan kana da janareto ko sola, za a duba ko akwai makunnin da ke raba su da layin NEPA, ko baturan na samun iska, da inda kake ajiye jarkar fetur. A cikin shago dai ba a yarda da ita ba.

Sannan ya juya ga kayanka. Atamfa da shadda da ledar da aka naɗe su duk abincin wuta ne. Ana son tazarar kamar mita ɗaya tsakanin dila da akwatin wuta, da aƙalla rabin mita tsakanin saman kaya da ƙwan fitila. A ɗaga kai a dubi silin: a yawancin layukan kasuwa bangon da ya raba shago da shago bai kai rufi ba, sama duk a haɗe take, wuta ta shiga silin ɗaya sai ta bi katakon rufi har ƙarshen layi. Wanda ya ga yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta lashe dubban shaguna a dare ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Abu mafi araha kuma, wanda ba sai jami'i ya zo ba: a kashe babban makunni duk yamma kafin a sa kwaɗo. Gobarar kasuwa da yawa cikin dare take tashi, lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi ta tarar da kayan da aka bari a kunne.

Tambaya: Wasu sun zo otal ɗina da kaki sun ce daga hukumar kashe gobara suke, suka nemi kuɗin satifiket a hannu, suka ce in ban biya ba za su garƙame wurin. Bayan wata biyu wasu daban suka zo. Wa ke da hurumi a kaina? — Mai ƙaramin masauki

Amsa: Ranka ya daɗe, hukumomi biyu ne a Najeriya. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda dokar 1963 ta kafa, akwai kuma ta kowace jiha da tata dokar da nata jadawalin kuɗi. Akwai kundin ƙa'idojin kariya daga gobara na ƙasa na 2013, da kundin ƙa'idojin gini na 2006, waɗanda ake dogara da su wajen auna gini. A aikace, ta jiharka ce ka fi hulɗa da ita, don haka ka taka da kanka zuwa hedkwatarta, sashen rigakafin gobara, ka nemi a nuna maka jadawalin kuɗi a rubuce.

Bincike na gaskiya yana da tsari. Jami'i ya nuna katin shaida da takardar turowa. Ya zagaya ginin tare da kai, ba ya tsaya a teburin karɓar baƙi ba. Ya rubuta abin da ya gani, ya ba ka kwafi, da wa'adin gyara. Ƙananan laifuka kamar tukunyar da lokacin sabis ɗinta ya wuce ana ba su kwanaki ko makonni. Babban haɗari kamar ƙofar tsira da aka sa wa sarƙa, nan take ake cewa a buɗe. Sai a dawo a sake dubawa, sannan a ba da takardar shaida, wadda galibi shekara-shekara ake sabuntawa. Tara da rufe wuri da kai ƙara kotu suna zuwa ne bayan an yi gargaɗi a rubuce an ƙi ji, gwargwadon ikon da dokar jihar ta bayar.

Kuɗi kuma asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit. Wanda ya ce a ba shi a hannu ya miƙo satifiket bai hau bene ya ga ɗakuna ba, takarda kawai ya sayar maka. A ganinmu wannan ya fi rashin binciken muni, domin mai otal zai kwanta da zaton an duba masa.

Tambaya: Tukwanen nan kala-kala ne. Wacce zan saya, kuma ta yaya zan san tana aiki? — Mai ɗakin ɗinki daga Zariya

Amsa: Jikinsu duka ja ne, sai ka dubi launin tambarin. Shuɗi hoda ce, ita ce aka fi gani, tana kashe wutar tufafi da katako da fetur da gas, kuma ba ta ɗaukar lantarki, sai dai tana ɓata kaya ta kuma toshe gani a ƙaramin ɗaki. Baƙi iskar CO2 ce, mai baki kamar ƙaho, ta kayan lantarki da kwamfuta. Kada ka riƙe ƙahon da hannu yayin feshi, sanyinsa na ƙona fata. Ruwan madara kumfa ce, ta mai da kayan ɗaki. Ja zalla ruwa ne, ba a kusantar wutar lantarki ko ta mai da shi. Ruwan ɗorawa ta man girki ce, ta kicin ɗin gidajen abinci. Ga ɗakin ɗinki, hoda mai kilo 6 ko 9 a bakin ƙofa ta wadatar, in da hali a ƙara CO2 mai kilo 2 kusa da kekunan lantarki.

Jami'i zai dubi allurar agogon tukunya, ya zama tana kan kore. Zai duba fil da hatiminsa, tiyo ko ya tsage ko zanzaro ya yi gini a bakinsa, gindi ko ya yi tsatsa, da takardar sabis ta bara. Ta CO2 ba ta da agogo, aunawa ake yi a sikeli. In ta rage kashi 10 cikin 100 na nauyin iskar, sai a sake cikawa. Hoda kuma idan ta daɗe a wuri ɗaya dunƙulewa take yi a ƙasa, agogo na kan kore amma a matsa iska kawai ta fito. Ka riƙa kifa ta lokaci-lokaci ka kara kunne. In hodar lafiya take za ka ji tana zubowa a hankali kamar yashi.

A rataye ta kamar mita ɗaya daga ƙasa, a hanyar fita, inda ba kaya a gabanta. Mai kilo 9 ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, don haka ta wutar da ta fara tashi ce kawai. A zare fil, a tsaya kamar taku biyu ko uku, a auna gindin wutar ba harshenta ba, a matsa ana karkaɗawa dama da hagu, ƙofa na bayanka.

Tambaya: Muna da makarantar kwana ta 'yan mata. Saboda tsaro duk tagogi da ƙarfe, kuma uwar ɗaki na kulle ƙofa da dare. An ce mana wannan ya saɓa ƙa'ida. To ya za mu yi da tsaron? — Wata shugabar makaranta

Amsa: Hajiya, damuwarki a kan hanya take, babu mai cewa a bar yara a buɗe a wannan zamani. Amma ƙofa ɗaya da kwaɗo ta waje, tagogi da ƙarfen da aka kafe da walda, yara sittin a ciki, babu jami'in kirki da zai sa hannu a kan wannan. Hayaƙi ke kashe yawancin mutane kafin wuta ta iso su, kuma katifar soso hayaƙinta baƙi ne mai guba, cikin 'yan mintuna yake cika ɗaki. Kafin a tashi mai riƙe da makulli a lalubo shi cikin duhu, lokaci ya ƙure.

Ana iya haɗa biyun. Ɗakin da ke ɗaukar mutum sama da 50 zuwa 60 ya samu ƙofa biyu a ɓangarori daban-daban, masu buɗewa waje, domin taron da ya firgita ya danne ƙofa mai buɗewa ciki ba ta buɗuwa. A sa musu sakata irin wadda ake turawa daga ciki ba sai da makulli ba, daga waje kuwa a rufe take. Mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya ko biyu a kowane ɗaki mai buɗewa da sakatar ciki. Uwar ɗaki ta kwana a ciki. A maƙala na'urar jin hayaƙi mai batir a silin, a danna maɓallinta a gwada duk wata, a sa fitila mai caji a saman kowace ƙofa. Akwatuna da bokitai su bar tsakanin gadaje. Hita da kyandir da maganin sauro mai hayaƙi da kaskon turaren wuta, a hana su shiga ɗakin kwana gaba ɗaya.

Jami'i zai tambayi rajistar atisaye. Kowane zangon karatu a buga ƙararrawa ba sanarwa, wani lokaci da dare, yara su fita su taru a wuri ɗaya sananne, a kira suna. Masu azuzuwan zana da rumfar kara su ma abin ya shafe su: a 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin watan Afrilu, sannan sama da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba.

Tambaya: Ina sayar da gas ɗin girki a shago cikin unguwa. Me za a duba a wurina? — Wani matashi daga Kaduna

Amsa: Malam, naka ya wuce hukumar kashe gobara kaɗai, sana'ar gas na buƙatar izinin NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan sarrafawa da sayar da mai da gas, wadda ta gaji tsohuwar hukumar albarkatun mai ta DPR bayan dokar man fetur ta 2021, kuma rahoton 'yan kwana-kwana na cikin takardun da ake nema. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya bi kwata. Saboda haka ana son shago mai iska ta ƙasa, nesa da mai shayi da mai walda da mai suya, silinda a tsaye, babu rami ko kwalbati a bakin ƙofa. Ba a cika silinda fiye da kashi 80 zuwa 85, domin gas na kumbura da zafin rana. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Ɗura gas daga babbar silinda zuwa ƙarama a cikin shago tsakanin gidajen mutane na cikin abubuwan da ke jawo a rufe wa mutum wuri, kuma daidai ne.

Tambaya: Ku 'yan kwana-kwana da kuke binciken mutane, me ya sa motarku ke zuwa a makare, ta yi feshi kaɗan a ce ruwa ya ƙare? — Wani magidanci

Amsa: Ƙorafin na da gaskiya a ciki, motoci da tashoshi sun yi kaɗan a yawancin garuruwanmu. Amma a yi lissafi. Motar da ta ɗauko lita 5,000, in tiyo ɗaya na fitar da lita 500 a minti, cikin minti goma ta ƙare, kuma ba kowace unguwa ke da famfon da za a jona ba, sai an koma ɗebowa. Shi ya sa binciken kasuwa da masana'anta ke haɗawa da tankin ajiyar ruwa da burtsatse da injin turo shi, kuma ana kunna injin a gani, ba a tsaya ga ganin tankin ba. Haka nan hanya: faɗin motar ya kai mita biyu da rabi, tana buƙatar kusan mita 4 kafin ta shiga ta yi aiki. Layin da teburan 'yan tireda da rumfuna da baro suka cinye, ko ƙofar kasuwa da mai gadi ya tafi gida da makullinta, duk ana rubuta su a rahoto a miƙa wa shugabannin kasuwa.

Idan za a kira, a kira tun wutar na ƙarama, kafin a fara jido ruwa da bokiti. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma a nemi ta tashar da ta fi kusa a rubuta a bango. A faɗi unguwa da sanannen wuri kusa, da abin da ke ci, ko akwai gas ko fetur ko mutum a ciki, sannan a tura yaro a babur ya tsaya a bakin titi ya nuna wa motar lungun.